Kuɗin asibiti ne ke kai mutane kotu

A duk karatun shari'a da na yi, ɓangaren diyyar rauni ne ya fi tsaya mini a rai. A can na gane cewa yawancin wanda aka jikkata ba neman arziki ke kai shi gaban alƙali ba, kuɗin asibiti ne ke tura shi.

Shari'ar Stella Liebeck ce ta fara nuna mini haka. A 1992, a garin Albuquerque na Amurka, kofi mai tsananin zafi da ta saya a gidan sayar da abinci na McDonald's ya zube mata a cinya, tana da shekara 79. Kwana 8 ta yi a kwance, har sai da aka yanko fata daga wani wuri a jikinta aka dasa mata. Dala 20,000 ta nema da farko, don ta rufe kuɗin magani da sauran ɗawainiya. Kamfanin ya ce dala 800 zai bayar. Daga nan ne lauya ya shigo, aka tafi kotu a 1994. Jama'a suka yi ta yi wa baiwar Allah dariya, wai kwaɗayi ne ya kai ta. Abin yana ƙona mini rai har yau, domin tsohuwar nan sulhu ta fara nema.

Niyu Zilan ta bi wata hanya daban. Bayan rahoton alƙali Owen Woodhouse na 1967, ƙasar ta kafa tsarin da ya fara aiki a 1974, wanda hukumar biyan diyyar haɗari, wato ACC, ke gudanarwa. Duk wanda haɗari ya rutsa da shi, ko baƙo ne, hukumar ce ke ɗaukar nauyin jinyarsa ba tare da an tsaya tantance mai laifi ba. Idan ma'aikaci ne, ana ba shi har kashi 80 cikin 100 na abin da yake samu. Shi kuma ya haƙura da shigar da ƙarar neman diyya.

Sai dai magani kyauta shi kaɗai ba ya rufe ƙofar kotu. Ingila na da NHS, wato tsarin gwamnati na duba marasa lafiya kyauta, tun 1948, amma har gobe ana kai ƙara kan sakacin likitoci, domin wanda ya nakasa bai rasa lafiya kaɗai ba, ya rasa sana'ar da yake ciyar da iyali. Kuma ni ban yarda a bar mai sakaci ya tafi salin-alin ba, don kawai gwamnati ta biya asibiti.

A wajenmu ma, in mota ta buge mutum, kafin a yi maganar 'yan sanda, tambayar da dattawa ke fara yi ita ce wa zai ɗauki nauyin magani. In direba ya ɗauka, sau da yawa sai dangi su ce sun yafe. Rigima takan tashi ne ranar da ya daina zuwa asibiti, aka bar su da takardar sayen magani a hannu.