Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kabarin Matar Wani

Makon jiya na tsaya ne a inda muka gama jarrabawa a watan Disamba na 2019, ɗakin kwanan ɗalibai ya watse. 'Yan ƙasar Indiya sun tafi garuruwansu, 'yan Najeriya masu hali sun yanki tikiti sun yi gida. Ni kuwa abin da ke aljihuna ko Adis Ababa ba zai kai ni ba, balle Kano, balle Katsina. Tunda zama ya kama ni a Delhi, sai na ce bari in je in ga Taj Mahal, ginin nan da na taso ina gani a kalandar da ke rataye a shagon telan unguwarmu, can Ƙofar Sauri.

Na kira Inna na shaida mata zan je wani gari Agra. Ta ce karatu ne? Na ce a'a, gini zan gani, wanda wani sarki ya yi a kan kabarin matarsa. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"Kai da ziyarar mahaifinka a Ɗanmarna sai an yi da gaske kake zuwa," in ji ta, "yau kai ne za ka hau jirgi kallon kabarin matar wani? To, Allah ya tsare."

Na cusa kaya kala biyu, sallaya, bargo da robar yajin da ta ƙullo mini a jakar goyo, na nufi tashar Nizamuddin ranar Alhamis da yamma. Tafiyar kilomita ɗari biyu ce ko kusa da haka, amma hazon sanyi ya sa jirgin ƙasan yana jan jiki kamar mai ciwon ƙafa. Ina rakuɓe a gefen taga ina kurɓar shayinsu mai citta, sai na ji daga bayana an ce a waya, "Wallahi ban san mi ad dalili ba, likita ya ce sai Litinin." Wata huɗu rabona da in ji Hausa daga bakin da ban sani ba. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Wani Alhaji ne daga Maraɗi, zai girme ni da shekara goma sha biyar, ɗan kasuwar atamfa. Ya kawo yayansa asibiti, an ɗage aikin, majinyacin da kansa ya kore shi ya ce ya je ya sha iska, ga ɗansa nan zai kula da shi. Da na ce daga Katsina nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ƙanena, ai mu ne Katsinawan. Ku gidan kawai muka bar maku ku yi gadi."

Yana nufin tarihin da kowa ya sani a wajenmu: bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa sarauta a Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Na ce masa mai gadin da ya shekara ɗari biyu a gida ai ya zama mai gida. Muka yi ta dariya har wani tsohon Bature da ke gabanmu ya juyo ya tambaya da Turanci wane yare ne wannan mai daɗin ji.

Bajamushe ne, malamin makaranta da ya yi ritaya, jakarsa ta goyo ta kusa kai shi tsawo. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, shi ne ya ɗauki hanya yana zaga wuraren da suka yi alkawarin zuwa tare. Yana jin Faransanci, Alhaji ma haka. Sai hira ta zama mai ƙafa uku: ni da Alhaji Hausa, Alhaji da shi Faransanci, ni da shi Turanci. Duk maganar da aka yi, sai an bar mutum ɗaya yana zare ido har a fassara masa. Kafin mu isa tashar Agra Cantt, Alhaji ya raɗa masa Baba Bature, shi kuma ya ɗanɗani yajin Inna ya yi hawaye.

Mai Keke Napep ɗin da ya ɗauke mu (a can ne ma ake ƙera su, ba mu muka fara ba) sai da ya biya da mu shagon wani mai sassaƙar dutse da ƙarfe goma na dare, wai ɗan'uwansa ne. Da ƙyar muka kuɓuta muka samu wani masauki mai araha a unguwar Taj Ganj, ɗaki ɗaya gado uku, famfon banɗaki yana ɗiga har safe. A nan mai masaukin ya faɗa mana abin da duk cikinmu ba wanda ya bincika: ba a buɗe Taj Mahal ranar Juma'a. Alhaji ya ce ai da masallaci a ciki, mu Musulmi ne. Aka ce sallar Juma'a a can ta mazauna Agra ce kawai, sai da katin shaida. Baba Bature, mai littafin jagora kamar bulo a hannu, ya fi kowa jin kunya.

Don haka Juma'ar muka yi ta a babban masallacin garin, wanda Jahanara 'yar Sarki Shah Jahan ta gina a 1648, Baba Bature yana waje yana gadin takalma. Daga nan muka shiga ganuwar Agra, inda Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan bayan ya ƙwace mulki a 1658. Shekara takwas tsohon ya yi a nan har ya rasu, yana hango kabarin matarsa ta ƙetaren kwanar kogin Yamuna. Mu dai hazo kawai muka hango.

Asabar tun da asuba muna kan layi. Ɗan ƙasa rufi 50 yake biya, baƙo 1,100, in kuma kana son shiga inda kabarin yake ka ƙara 200. Alhaji ya buga lissafi ya ce wajen jika tara ke nan a kuɗin sefa kafin ƙari, "don in ga kushewa!" Ya biya dai yana gunaguni. Suka ba mu robar ruwa da wata 'yar leda da ake sa wa takalmi. Babbar jaka ba ta shiga, tun a masauki muka bar namu.

Abin da ya faru a babbar ƙofa shi ne dalilin da ya sa na ware wa tafiyar nan kashi guda. Ƙofar ta jan dutse ce, dogon zaure kamar na fada, an zagaye bakinta da baƙin rubutu a kan farin marmara. Baba Bature ya tsaya yana duba littafinsa yana ce mini ado ne mai kyau. Na ɗaga kai, sai na ga ashe ina iya karantawa. Suratul Fajri ce. Wadda Malam ya rubuta mini a allo a wani zaure kusa da Gobarau, na sha bulala a kanta saboda ina cakuɗa ayoyin tsakiya. Na fara karantawa a hankali, Alhaji ya kama, muka kai ƙarshe tare, inda ake ce wa rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljanna. Baba Bature ya ce in fassara. Na yi iya yina da Turancina na ɗan kimiyya. Bai ce komai ba. Ya rufe littafin ya sa a aljihu, ban ƙara ganin ya fito da shi ba ranar.

Muka ratsa zauren, kuma ba komai a gabanmu sai fari fat, irin hazon da ke rufe Katsina a watan Janairu har ba ka ganin mai shayin tsallaken titi. Muka tsaya kusan rabin awa. Da rana ta ɗan ɗaga sai ƙubbar ta fara fitowa ita kaɗai a sama, kamar ba abin da ke riƙe da ita, sannan hasumiyoyin nan huɗu, sannan sauran. Alhaji ya ce "Tabarakallah," bai sake zancen jika tara ba.

Mumtaz Mahal, matar Shah Jahan da aka yi ginin dominta, ta rasu a 1631 wajen haihuwarta ta goma sha huɗu. A 1632 aka fara ginin, ba a kammala komai da komai ba sai 1653, da ma'aikata wajen 20,000, farin dutsen kuma daga Makrana aka yi ta jawo shi. Daga nesa sai ka ce zanen fenti ne a bango. Sai da na matsa na ga kowane fure duwatsu ne masu launi aka yanka aka dasa a cikin marmara, na shafa da yatsa ban ji gaɓa ba. Yasin ce zagaye da manyan ƙofofin, kuma marubucin, Amanat Khan, ya riƙa ƙara girman baƙaƙen yayin da suke hawa sama don mai tsaye a ƙasa ya gan su daidai. Hasumiyoyin ma an ɗan karkatar da su waje, ko da za su faɗi kada su faɗa kan kabarin.

Cikin kuwa bai burge ni ba, gaskiya. Duhu, turereniya, masu gadi suna busa usur. Abin da ake nunawa ma alama ce, ainihin kaburburan suna ƙasa. Na tuna kabarin mahaifina, tudun ƙasa da fasasshiyar tukunya, na tuna maganar Inna, na yi wa mamatan addu'a na haɗa da shi na fito.

A bakin kogi muka zauna muna cin wata alewar kabewa da suke kira feta. Baba Bature ya tambaye ni me ake zuwa gani a garinmu. Na baje masa Gobarau, hasumiyar ƙasa mai shekaru ɗaruruwa, na ƙara da rijiyar Kusugu ta Daura. Ya ce daga saman hasumiyar me ake hangowa? Na yi tsuru-tsuru. Shekara ashirin da uku ina wucewa ta gindinta, ban taɓa hawa ba. Alhaji ya nemi a fassara masa, da ya ji sai ya kwashe da dariya har da buga cinya, don shi ya hau, sau biyu ma.

"Ban hwaɗa maka ba? Masu gadi ne ku!"

Yana cikin dariyar wayarsa ta yi ƙara. Ɗan yayansa ne daga asibiti. Na ga fuskarsa ta sauya, ya miƙe, alewar ta zube a ƙasa. Jirgin da muka yanki tikitinsa sai dare, jakunkunanmu suna masauki, kuɗin mota kuwa duk mun zuba a tikitin shiga. Baba Bature bai jira fassara ba, ya fara kwance wata 'yar jaka da ke ɗaure a cikinsa.

Yadda muka koma Delhi a ranar, da abin da muka tarar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.