Juma'a, wata huɗu da aikin gwiwa

Yau ma a kujerar roba na yi sallar Juma'a, can ƙarshen sahu jikin bango, tare da wasu dattawa biyu da suka girme ni nesa ba kusa ba. Da liman ya yi kabbarar sujada, sahu ya kwanta gaba ɗaya, ni ina zaune a sama ina kallon bayan mutane. Hukuncin na san shi, hadisin Imrana bin Husaini ne a Bukhari: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Na sha karantar da shi ma. Amma wata huɗu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba, kuma abin na cin raina.

Abin haushin, tafiya lafiya lau nake yi. Rabin gwiwar kawai aka canja, ɓangaren ciki inda guringuntsi ya cinye: ƙarfe sama, ƙarfe ƙasa, roba a tsakani, jijiyoyin tsakiya ba a taɓa su ba. Ciwon da ya shekara uku yana hana ni barci ya tafi, har kasuwa nake takawa ba sanda. Durƙuso ne ya gagara.

Bayan la'asar na ce bari in gwada abin da ma'aikaciyar gashin ƙashi ta nuna mini ranar Talata. Na ninka bargo a kan kafet, na ɗora filo, na dafa bakin gado, na sa lafiyayyar gwiwa tukuna, sannan na sauke ɗayar a hankali. Ba zafi ba ne kai tsaye. Gefen waje na tabon, wajen faɗin tafin hannu, ya mutu murus, kamar da gwiwar wani na durƙusa. Shi kuma tabon kansa sai ka ce tsakuwa aka dasa a ciki. Ta riga ta faɗa mini dalili: akwai ƙaramar jijiyar fata da ke gitta gaban gwiwa, wuƙa kan ratsa ta wajen yanka. Ta ce ƙarfen ba zai karye don na durƙusa ba, fatar ce ke neman sabo. Na yarda da ita a ofis. A kan filo kuwa, wani tsoro ne ya tsaya mini a ƙirji.

Na ƙirga goma sha biyar. Ina cikin haka Hajiya ta shigo da kofin shayi, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Malam, me zan gani haka? So kake ka ɓalla abin da aka sayar da fili aka sa?"

Dariya ta so ta kayar da ni. Tashin ma ya fi saukar wuya, sai da jikana ya ba ni kafaɗa, yana ta "Sannu Kaka" kamar wanda ya sauke ni daga kan raƙumi.

Ranar Talata an auna lanƙwasar, digiri 120. Zaman tahiya a kan dugadugai yana neman wajen 150, don haka wannan na ajiye shi gefe tukuna. Sujada nake nema. Na sa ƙanƙara minti ashirin, gwiwar ta ɗan yi ɗumi amma ba ta kumbura ba. Bargon na bar shi a shimfiɗe, na ce kada kowa ya naɗe shi kafin asuba.