Me ya sa yaro ɗan shekara 2 ke kauce wa karin waƙa?

Ba rashin baiwa ba ne. A wannan shekarun yaro yakan fara kama kalmomi da bugun waƙa, sannan hawa da saukar murya. Tsayawa daram kan kari ɗaya sai wajen shekara 5 ko 6.

Sau da yawa laifin na manya ne. Muryar baba ta yi kauri, makogwaron yaro ba ya kai ƙasa haka. A siranta murya, a zaɓi gajeruwar waƙar raino ko ta gaɗa, baiti 2 kawai, a hankali, da tafi. A rera, a yi shiru ya amsa. A kashe rediyo tukuna.

Da hunturun Sakkwato, ƙura na busar da murya, a yawaita ba shi ruwa. In ba ya waiwayowa idan an kira shi, a kai shi a duba kunnensa.