Kwalbar da Yaya ya aiko wa Baba

Laraba, bayan isha'i.

Yau da hantsi saƙon Yaya ya iso daga Amurka, kuma a cikin kayan akwai 'yar kwalbar melatonin mai miligiram 10 a kowace ƙwaya, wadda ya ce a riƙa ba Baba saboda rashin barcin da ya addabe shi tun ƙarshen damina. Baba yakan farka wajen ƙarfe biyu na dare, ya zauna a bakin gado da waya a hannu har a kira assalatu, sannan ya wuni yana gyangyaɗi a kujera. Ya ɗaga kwalbar kusa da idonsa, ya girgiza ta, ya ce, "Ita ce ƙwayar barcin?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri in fara tambayowa."

Bayan la'asar na kai ta wurin wata likita, ƙawata tun muna makaranta, kuma bayaninta ya sauya mini tunani gaba ɗaya. Ta ce melatonin sinadari ne da jiki ke yi da kansa a wata 'yar ƙulluwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai suna finiyal, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa girma ba. Idan duhu ya shiga, ido yakan sanar da agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ba ƙulluwar umarni ta saki sinadarin, ya yi ta ƙaruwa a jini har ya kai ƙololuwarsa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare. Aikinsa shi ne shelar cewa dare ya yi. Ba ya kayar da mutum kamar ƙwayoyin barci masu ƙarfi, shi ya sa lokacin shansa ya fi yawansa muhimmanci. Haske kuwa yana danne shi, musamman mai shuɗi-shuɗi irin na waya, kuma sinadarin yana raguwa da tsufa. Abin da ya ba ni dariya shi ne jin cewa likitan fata ne, Aaron Lerner na Jami'ar Yale, ya gano shi a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu, yana neman abin da ke sa fatar kwaɗo ta yi haske.

Ta ce amfaninsa ya fi bayyana ga matafiyin da jirgi ya tsallaka da shi ƙasashe masu bambancin sa'o'i, da makahon da agogon jikinsa ba ya samun labarin rana, da wanda barcinsa ke jinkiri har tsakar dare. Ana kuma binciken ko zai kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cutar mantuwa ta Alzheimer da jariran da suka rasa iska wajen haihuwa, amma wannan yana matakin gwaji.

Game da Baba, ta ce irin wannan ƙwayar takan bar jini da wuri, don haka da wuya ta riƙe shi har asuba. Wadda Turai ta amince da ita a 2007 ga masu shekara 55 zuwa sama miligiram 2 ce kacal, mai narkewa sannu a hankali. A Ingila sai da takardar likita ake samunta, alhali a Amurka ana ɗaukarta a kanti kamar bitamin, wanda a ganina shi ne ya sa Yaya ya ɗauke ta abu mai sauƙi. Ga shi kuma Baba yana shan maganin hawan jini, dole likitansa ya sani tukuna.

Da na dawo na gaya masa cewa za a rage barcin rana, a riƙa fita hasken rana, a ajiye waya da dare, kuma ba goro bayan la'asar. Komai ya amince da shi ban da goron. Ya ce, "Ke da ƙawar taki ku bari in yi shawara." Na ɗora kwalbar a kan kabad, kuma ranar Litinin zan tafi da ita asibiti tare da katinsa.