Talata, 23 ga Satumba 2025: ranar da aka ce za a busa ƙaho

Sha ɗaya saura na dare yanzu, an ɗauke wuta tun magariba, yara sun yi barci, cajin wayata ma saura kaɗan amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau, don zuciyata a cike take.

Da asuba na tashi zan ɗora ruwan koko, na leƙa ɗakin yara kamar kullum, sai na ga babbar 'yata a zaune bakin katifa, ta sa rigarta ta Kirsimetin bara, idanun nan sun kumbura alamar ba ta runtsa ba, kuma ta riƙe hannun ƙaninta da ke ta sharar barci, ta riƙe gam. Nace ke lafiya? Sai tace Mama ai yau ne. Da farko ban gane ba, sai da ta fashe da kuka tana cewa yau Yesu zai zo ya fyauce nasa, ita kuma ta san za a bar ta, saboda satin da ya wuce na aike ta sayen magi da gishiri ta ɓoye canjin naira ɗari biyu tace min sun faɗi. Hannun ƙanin da ta riƙe kuwa, wai shi yaro ne ba shi da zunubi tabbas za a ɗauke shi, in tana riƙe da shi ƙila a haɗa da ita. Shekararta goma sha uku fa. Na tsuguna na rungume ta, ni ma sai hawaye.

Na san inda abin ya fito. Wani mutumin Afirka ta Kudu ne, Joshua Mhlakela, ya fito a bidiyo yace Yesu ya bayyana gare shi ya gaya masa zai zo ya ɗauki ikilisiyarsa ranar 23 da 24 ga wannan wata, daidai da sabuwar shekarar Yahudawa, wato idin busa ƙaho. Abin ya cika TikTok, har guruf ɗinmu na zumuntar mata a WhatsApp an turo shi ya fi sau biyar, ni dai na kalla na wuce ban ɗauke shi komai ba, ashe ita a wayar ƙawarta ta gani a makaranta, kwana uku tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai ban sani ba. Wannan ne ya fi yi min ciwo.

Na ce ta cire rigar ta sa yunifom. Tace to in ya zo ina makaranta fa Mama? Nace wanda ya san yawan gashin kanki ai ya san hanyar makarantarku. Ta ɗan yi murmushi, ta sha kokon rabi, baban ya kai su a mashin.

A shago aikin bai tafi ba sam, ɗinkin ankon bikin Asabar ne a gabana amma sau biyu ina farke hannun riga. Hajiyar da ke sayar da yadi kusa da ni ta lura, na ba ta labari, tace ikon Allah, ai mu ma ana karanta mana alamomin tashin ƙiyama, fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa, amma sa'ar kanta babu wanda ya san ta sai Allah, duk wanda ya sa rana ya yi ƙarya. Ta kawo min dafaffiyar gyaɗa sabuwa a leda tace in kai wa yarinyar. Allah ya saka mata.

Ƙarfe biyar muka je nazarin Littafi Mai Tsarki, na tafi da ita. Ranar Talata in mun yi yawa mu kai talatin, yau kuwa har da kujerun roba aka shigo da su, mutanen da na rabu da gani tun Ista duk ga su. Baba Fasto ya duba mu ya rufe littafin darasin da muke bi, yace 'ya'yana na san abin da ya kawo ku, to mu buɗe Matiyu 24. Ya sa wani matashi ya karanta aya ta 36, inda Ubangiji da bakinsa yace wannan rana da wannan sa'a ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uba kaɗai. Ya sa aka sake karantawa. Sannan Ayyukan Manzanni 1:7, da almajirai suka tambaye shi lokaci yace sanin lokatai da zamanai ba naku ba ne. Baba yace abin da aka hana Bitrus da Yohanna sani, da suka ci abinci akushi ɗaya da shi, ba za a bayar da shi a bidiyon minti uku ba.

Daga nan ya shiga tarihi, kuma gaskiya ban san abin ya daɗe haka ba. Yace akwai wani manomi a Amurka, William Miller, sai wata tsohuwa a gaba ta ɗaga murya tace Likita Mila namu na Wusasa? Aka yi dariya, Baba yace a'a Iya, namu Walter ne, Bature ɗan Ingila da ya sha wahalar fassara mana Littafi Mai Tsarki har ya fito da Hausa a 1932, wannan daban ne. Shi William Miller ɗin ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da kowace rana shekara, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844, dubban mutane suka jira, wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba, gari ya waye ba komai. Sai Harold Camping mai gidan rediyo, shi ma a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, aka kafa alluna a tituna mutane suka zuba kuɗinsu, da ta wuce ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, daga baya shi da kansa ya amsa cewa ya yi kuskure. Wannan kam na tuna shi, ina da cikin 'yar nan tawa a ƙarshen shekarar.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne da ya zo kan Afirka. Kanungu a Yuganda, 17 ga Maris 2000, wata ƙungiya da ta yi ta wa'azin ƙarshen duniya, aka rufe ɗaruruwan mutane cikin ɗakin sujada aka cinna wuta, da gawarwakin da aka tono daga baya sun haura ɗari bakwai. Sai dajin Shakahola a Kenya shekarar 2023, aka ce wa mutane su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, aka tono gawa sama da ɗari huɗu, da yawa yara ne. Yara! Na juya na kalli tawa na tuna rabin kokon da ta bari da safe. Ni dai a ganina wanda duk ya sa wa Ubangiji rana, ko da kyakkyawar niyya ya yi, wuta yake wasa da ita a cikin gidan mutane, kuma ƙanana ne suke fara ƙonewa.

Lokacin tambayoyi wani saurayi ya miƙe yace Baba to maganar 666 fa, alamar dabbar nan ta littafin Ru'ya, an ce BVN ce, an ce NIN ce, lokacin korona an ce allurar ce. Baba yace mu karanta Ru'ya ta Yohanna 13 gaba ɗaya kada mu tsinci aya ɗaya mu gudu da ita. Alamar nan a goshi ko hannun dama tafe take da sujada ga dabbar, mutum ne da saninsa yake musun Almasihu ya durƙusa wa wani, ba abu ne da za a ɗora maka a layin banki ba ka sani ba. Ya ƙara da cewa a Ibrananci da Helenanci haruffa su ne lambobi, kuma masana da dama sun lura in ka rubuta sunan Kaisar Nero da haruffan Ibrananci jimlarsa 666 take bayarwa, shi ne sarkin Roma da ya karkashe masu bi bayan gobarar shekara ta 64. Yace shi ya gaskata magabcin Almasihu na ƙarshe yana nan tafe, amma ruhunsa tun zamanin manzanni yake aiki, haka Yohanna ya rubuta a wasiƙarsa ta fari.

An ɗan ja da wani dattijon ikilisiya, shi yace kafuwar Isra'ila a 1948 ita ce tohon itacen ɓauren da Yesu ya ba da misali da shi a Matiyu 24, don haka muna bakin ƙofa. Baba bai ƙaryata shi ba, yace shi ma abin da aka koya masa ke nan a makarantar Baibul, fyaucewa tukuna, sai babban tsanani na shekara bakwai, sai mulkin shekara dubu, amma gaskiya ita ce wannan tsarin wani mai wa'azi a Birtaniya, John Darby, shi ne ya baza shi wajen 1830 da wani abu, Baibul mai sharhi na Scofield da ya fito 1909 ya kai shi ko'ina, mishan da yawa da suka zo ƙasar nan da shi suka zo. Akwai masu bi na ƙwarai da suke ganin ikilisiya za ta ratsa tsananin, akwai masu ɗaukar shekara dubun a matsayin misali. Abin da dukanmu muka haɗu a kai, zai sake dawowa ya yi wa masu rai da matattu shari'a. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa, ba kowane mai wa'azi ne zai ce ga inda aka rabu ba.

Ni abin da ya zauna min shi ne Matiyu 24:8, yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa duk mafarin naƙuda ne. Sau uku na haihu. Na san watana, na haɗa kayan jariri cikin jaka na ajiye bakin gado, amma ko ungozoma ba ta taɓa gaya min sa'a ba, kuma ban daina tuƙa tuwo ba don ina jira, na farin ma ina kan keken ɗinki ta kama ni.

Sai wani tsoho ya ɗaga hannu daga can baya, cikin waɗanda suka baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga suke zaune wurin dangi a unguwarmu. Bai tashi ba ma, a zaune yace Baba Fasto, ana ta cewa za a ɗauke mu kafin tsanani, to mu da aka ƙone mana rumbu, aka tafi da ɗana yau wata takwas ba labari, in wannan ba tsanani ba ne mene ne sunansa? Coci ya yi tsit. Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sauko daga bagade ya je ya zauna kusa da shi, yace Baba, littafin Ru'ya ɗin nan naku ne kafin ya zama na kowa. Yohanna yana tsare a tsibirin Fatmos ya rubuta shi, wajen shekara ta 95 zamanin sarki Domishiyan, zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da suke ƙasar Turkiyya ta yau, a ɗayansu an riga an kashe wani mai bi Antifas, wata kuma Simirna aka ce musu ku yi aminci har mutuwa. Ba a rubuta shi don masu ƙoshi su zauna suna lissafin kwanaki ba, an rubuta wa masu kuka ne don su san Ɗan Ragon, wato Yesu, shi ne a kan kursiyi, ba Kaisar ba, ba mai bindiga ba. Ya buɗe sura 21 aya 4 ya karanta masa a hankali, zai share dukan hawaye daga idanunsu, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba. Tsohon ya sa hula ya rufe fuska. Muka yi addu'a domin ɗan nasa, kowa da murya, mun fi minti goma, zumuntar mata kuma muka yanke za mu haɗa masara da ɗan kuɗi ran Lahadi.

Da za a rufe aka karanta 1 Tasalonikawa 4 daga aya 13, nassin fyaucewar kansa, ƙaho da muryar babban mala'ika da gizagizai. Shekara nawa ina jin sa amma yau ne na lura da dalilin rubuta shi, mutanen Tasalonika 'yan'uwansu ne suka mutu suna baƙin ciki ko sun rasa rabonsu ke nan, Bulus yace a'a, matattu cikin Almasihu su ne ma za su fara tashi, ya ƙare da cewa ku ta'azantar da juna da wannan magana. Ta'aziyya ce ashe, mu muka mai da ita bulala. Inna ta faɗo min a rai, watan gobe shekararta ɗaya da rasuwa, ita da kullum in an rabu sai tace sai gobe in Ubangiji bai zo ba, kuma da fara'a take faɗa kamar mai jiran baƙon da take ƙauna. Na yi kuka sosai amma ba irin na safe ba.

A hanya 'yata ba ta ce uffan ba, muna cin gyaɗar Hajiya. Da muka iso ta shiga ɗaki ta fito da ɗari biyun nan a nannaɗe cikin takarda, ashe ko kashewa ba ta iya yi ba, ta durƙusa tace Mama ki yafe min. Nace na yafe, Yesu ma ya yafe tun a kan gicciye, ba riƙe hannun ƙaninki ne zai kai ki ba, shi ne ya riƙe naki. Na ɗauko Baibul ɗin Inna mai baƙin bango da ta ɗaure da kyalle, na nuna mata Yohanna 10:28 inda yace ba mai ƙwace su daga hannuna, ta karanta da kanta da fitilar waya, ta sake karantawa.

Har ta kwanta sai ta ɗago kai tace Mama gobe ma fa 24 ne. Nace eh, in ya zo gobe muna murna, in bai zo ba kina da gwajin lissafi. Ta ce in tashe ta da wuri ta sake duba littafin. Na leƙa yanzun nan, ta baje tana barci har da minshari, rigar Kirsimetin na ninke na mayar akwati. Saura hannun riga huɗu a ankon nan, da sassafe zan buɗe shago.