Grand Canyon cikin hunturu, abin da idona ya gani

Duk wanda na ce wa za mu Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon nan na Amurka, a watan Janairu sai ya ce haba, cikin wannan sanyin? Ni kuwa yanzu ko gobe aka tambaye ni, hunturun zan zaɓa.

Daga garin Flagstaff muka taso da sassafe ni da abokina, a jihar Arizona ke nan. Mutane suna jin Arizona sai su ɗauka hamada ce da zafi, to bakin kwazazzabon ta kudu wanda suke kira South Rim tudu ne sosai, ya kai wajen mita 2,100 sama da teku, shi ya sa dusar ƙanƙara ke sauka a wajen. Ɓangaren arewa kam rufe shi ake yi da hunturu, kudun ne a buɗe duk shekara.

Mather Point, wani wajen tsayawa a hango ramin, muka fara tsayawa tunda shi ne kusa da inda ake ajiye motoci, wallahi ba mu ga komai ba, hazo ya cika ramin fal, fari fat, kana riƙe da ƙarfen kariya yana cizon hannunka ta cikin safa amma gabanka babu komai. Wasu suka ɗau hoto suka juya mota. Wani ma'aikacin wajen ya ce mu ɗan jira, haka yake yi. Muka koma mota muka kunna hita muka sha shayin flas, da muka dawo sai ga iska ta fara yaye hazon kaɗan kaɗan, jan dutse ya fara leƙowa, hawa hawa, kowane hawa da farin layin dusa a kansa, ƙasa kuma can nesa babu dusar ko ɗigo saboda ciki ya fi sama ɗumi. Subhanallahi kawai nake maimaitawa. Zurfin nan fa ya haura kilomita ɗaya da rabi, tsawonsa kilomita 446, kuma kogin Colorado ne ya yi ta cin dutsen har ya zama haka. Tun daga nan na daina gaggawar barin kowane waje.

Babbar garaɓasar hunturu ita ce Hermit Road, titin da ke bin bakin ramin ta yamma. Daga Maris zuwa Nuwamba sai dai ka hau bas ɗin hukumar wajen, amma Disamba, Janairu da Fabrairu ana barin motar kanka ta shiga, kilomita 11 ne, ka tsaya inda ka ga dama ba mai ture ka. A Mohave Point da Pima Point muka hango kogin sosai, a ƙarshen hanyar kuma akwai Hermits Rest, ginin dutse da Mary Colter, wata mai zanen gine-gine, ta zana a 1914, da wani ƙaton murhu a ciki. Ita ce dai ta zana hasumiyar Desert View ta 1932 can gabas, mun je washegari, iskar wajen ba ta da wasa. In an yi dusa da dare sukan rufe hanyoyin nan sai an share, don haka a tambaya kafin a kama hanya.

Abin da na fi so mutane su ji shi ne maganar santsi. Dusar ba ita ce matsala ba, wadda aka tattake ta daskare ta zama ƙanƙara ita ce abin tsoro, ga wurare da yawa a bakin ramin babu shinge. A gabana wata mata ta zame ta zauna daɓas, Allah ya taimaka nesa da baki ne. Akwai wasu ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, ana sayarwa a shagunan wajen, dan Allah a saya, kuma kar hoto ya ja mutum zuwa baki baki. Farkon hanyar Bright Angel mai gangarawa ciki inuwa ce, ƙanƙararta ba ta saurin narkewa, mun leƙa mun haƙura.

Rana kuma gajeriya ce, biyar da rabi ta kusa faɗuwa, gara ka isa Hopi Point, inda ake kallon faɗuwar rana a kan Hermit Road, da wuri ka samu wajen tsayawa. Tana faɗuwa sanyi ke rufto wa mutum lokaci guda har batirin waya ya fara sauka da gudu, nawa a aljihun ciki na riƙa ɓoye shi. Ruwan alwala ma mai ɗumi muka zuba a flas na biyu, da shi muka yi magariba a gefen mota kafin mu kama hanyar Tusayan, garin da ke kusa da ƙofar wajen, a hankali, saboda manyan barewar nan da suke cewa elk suna fitowa titi da duhu.