Gilashin gaba a babur ɗina

Alhamdulillahi, na sa wa roba-robata gilashin tare iska. Duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega da sanyin safiya a lokacin hunturu ya san yadda iska ke dukan ƙirji, ga ƙura, ga ƙwari idan magariba ta kama ka kusa da fadama.

Aikin bakaniken ya burge ni. Ya kwance madubai biyu, ya ɗaura ƙarafunan riƙe gilashin a mazauninsu, ya sa 'yan robobi kafin noti. Na ce ya ƙara matsewa, sai ya ce, "A'a Malam, roba ce, in ta matsu da yawa tsagewa za ta yi." Daga nan ya sa na hau, ya daidaita bakin gilashin na sama daidai hancina, domin in riƙa hango hanya ta samansa ko da ƙura ta rufe shi.

Yanzu ina isa wurin aiki ba tari, ba hawaye. Sai dai idan tirela ta gifta, iskarta tana ɗan fizgar kan babur, dole in rage gudu. Kuma ba na goge gilashin a bushe, sai da ruwa da tsumma mai laushi, don ƙura tana karce shi.